CIWO BAI SAN ANINI BA

'Yan'uwa talakawa, a wannan mako mun ajiye maganar haraji da ta kuɗin rumfar kasuwa, za mu kawo muku labarin wani likitan soja na ƙasar Faransa wanda ya rasu tun shekara ta 1842. Watakila wani ya ce, ina ruwan mai sayar da tattasai da Baturen da ƙasa ta cinye tun kafin a haifi kakan kakansa? To, ruwansa babba ne. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗan'uwansa jina-jina zuwa asibiti aka ce ya tsaya sai ya biya tukuna, alhali kuwa yana kallo an shigar da wani mai babbar riga ta ƙofar baya saboda ciwon kai, wannan labari nasa ne. Gama likitan nan shi ne ya kafa ƙa'idar da ta ce wanda rauninsa ya fi tsanani shi za a fara dubawa, ko wane ne ubansa. Ya kafa ta a bakin daga, ya tsaya a kanta shekara 23 ana ruwan harsashi. Muna so kowane ɗan jam'iyya ya san asalinta, domin yau ta zama doka har a ƙasarmu, amma yawancin talakawa ba su sani ba, waɗanda suka sani kuwa ba su damu su faɗa musu ba.

ƊAN BADUKU

Sunansa Dominik Lare, Faransawa suna rubuta shi Larrey. An haife shi ran 8 ga Yuli 1766 a wani ƙauye mai suna Bodeyan, cikin duwatsun da suka raba Faransa da Sifen. Ubansa baduku ne, mai ɗinkin takalma. Yana ɗan shekara 13 uban ya rasu, sai yaron ya taka da ƙafa har birnin Tuluz, inda baffansa ya ke aikin fiɗa a asibiti. A hannun baffan nan ya koyi sana'ar, tun daga wanke miki da naɗa bandeji har ya kai ga riƙe wuƙa. A 1787 ya kama aikin likita a jirgin ruwan soja, ya je har gaɓar Amurka ta Arewa, sa'an nan ya komo ya ƙara ilmi a babban asibitin birnin Faris.

A 1789 talakawan Faransa suka gaji da mulkin sarki da fadawansa, suka tashi tsaye. Sarakunan maƙwabta suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, hankalinsu ya tashi, a 1792 yaƙi ya ɓarke. Aka tura Lare zuwa rundunar da ke bakin kogin Rain, bai wuce shekara 26 da haihuwa ba.

Abin da ya tarar can ya tayar masa da hankali. Bisa ga dokar soja ta zamanin, likitoci da kayansu suna tsayawa ne baya, wajen mil biyu da rabi daga inda a ke fama. Sojan da harsashi ya kayar sai ya kwanta inda ya faɗi har a gama faɗa, kana a zo da manyan amalanke masu nauyi a kwashe wanda ya yi saura. Sau da yawa sai a kwana a yini, wani lokaci fiye da haka, kafin hannun likita ya taɓa shi. Kafin nan jini ya zube, ko ƙasa ta shiga miki ya fara ruɓa. Hafsa yana da doki, yana da barori da za su ɗauke shi. Kurtu ba shi da kowa sai Allah.

Lare ya lura da yadda a ke jan ƙananan igwa da dawaki a guje, daga wannan gefe na fagen fama zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. Sai ya ce, in ana iya kai kayan kisa da wannan sauri, me zai hana a kai kayan ceto? Ya sa aka ƙera kekunan doki marasa nauyi, masu sifirin domin kada gargada ta wahalar da majinyaci, da katifa shimfiɗe a ciki. Mai ƙafa biyu yana ɗaukar mutum biyu a kwance, mai ƙafa huɗu yana ɗaukar huɗu. Ya haɗa su da likitoci da mataimaka a kan dawaki, kowa da jakar kayan aikinsa. Suna kutsawa tun ana harbi, su ɗaure rauni nan take, su ɗauko mutum su fito da shi. Faransawa suka sa musu suna asibiti mai tashi. Motar asibitin nan mai jiniya da mu ke gani yau a kan titi jikar keken Lare ce.

WA ZA A FARA DUBAWA?

Keken ya kawo wata tambaya. In an sauke mutum hamsin gaban likita ɗaya, da wa zai fara? Al'adar da aka gada ita ce a fara da babba: janar, sa'an nan kanar, sa'an nan mai anini uku da mai anini biyu, kurtu kuwa sai in wuƙa ba ta dakushe ba. Lare ya ture wannan al'ada. Ya umarci likitocin da ke ƙarƙashinsa su fara da wanda rai ke shirin fita daga jikinsa, ba tare da duban muƙami ba. Mai ƙaramin rauni ya jira. Ya ma ƙara da cewa hafsoshi masu ƙananan raunuka, tun da ya ke suna da dawaki, su hau su kai kansu asibitin baya. Abokin gaba da aka tsinta a fili kuma yana cikin lissafi, shi ma ana duba rauninsa.

Ku tuna a wane irin wuri aka faɗi wannan magana. Babu inda a ke girmama muƙami kamar cikin soja, inda kofur ba ya ɗaga ido ya dubi saje, balle janar. Duk da haka ɗan baduku ya nuna musu cewa anini yana kafaɗar riga, ciwo kuwa yana cikin jiki, kuma jijiyar da ta tsinke a cinyar kurtu ba ta rage gudun jini don ta jira a gama da yatsan kanar.

A zamanin nan babu maganin sa barci. Ba a fara fiɗa da shi a bainar likitoci ba sai 1846, shekara huɗu bayan rasuwar Lare. Saboda haka jinƙan likita yana cikin saurin hannunsa. Lare ya yi imani cewa ƙafar da igwa ta farfasa gara a yanke ta tun ranar, kafin ruɓa ta hau jiki, kuma yakan gama yankan cikin 'yan mintoci kaɗan. Aiki ne mai ban tsoro, amma mutane da yawa sun koma gida da sanda maimakon a binne su a ramin gayya.

UBANGIDANSA

Wajibi ne mu faɗi ko wa Lare ya yi wa aiki, gama jaridarmu ba ta shafa wa azzalumi mai. Ubangidansa shi ne Napoliyon, sojan da ya hau kan juyin talakawa har ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1804. A 1798 ya kai wa Masar yaƙi. Da mutanen Alƙahira suka yi masa bore cikin watan Oktoba na shekarar, sojansa suka shiga masallacin Azhar da dawakinsu. A 1799, a garin Yafa na ƙasar Falasɗinu, ya sa aka kashe fursunoni fiye da 2,000 waɗanda suka riga suka miƙa wuya. A 1802 ya mai da bauta halal a ƙasashen da Faransa ke mallaka, bayan juyin ya soke ta. Lare yana cikin rundunar da ta je Masar, ya kuma so Napoliyon har ƙarshen ransa. Ba mu wanke shi daga wannan ba. Abin da mu ke cewa shi ne, ko a cikin gidan azzalumi akan sami mutumin da ya riƙe amanar sana'arsa, kuma abin da ya bari ya amfani jikokin waɗanda aka zalunta.

A hamadar Masar keken doki ya kasa tafiya cikin rairayi. Lare bai naɗe hannu ya ce babu kayan aiki ba. Ya sa aka yi dogayen akwatuna aka rataya wa raƙuma, ɗaya a kowane gefe kamar mangalar jaki, majinyaci ya kwanta a ciki a miƙe. Can kuma ya lura cewa wata irin tsutsa da ke shiga miki ruɓaɓɓen nama kawai ta ke ci, ta bar mai rai, har mikin ya fi saurin warkewa. Likitocin zamaninmu sun tabbatar da wannan.

A watan Mayu 1809, kusa da birnin Biyana, rundunar Faransa ta sha kashi ta ja da baya zuwa wani tsibiri mai suna Lobau a tsakiyar kogin Danub. Gada ta karye, majinyata birjik a ƙasa, ba abinci. Lare ya ba da umarni a yanka dawaki, har da na hafsoshi, a yi wa majinyata romo. Da aka rasa tukunya sai aka dafa cikin sulken ƙarfe na mahaya, da aka rasa gishiri sai aka barbaɗa albarushi. Masu dawaki sun yi gunaguni, amma an riga an sha romo. Cikin shekarar nan, bayan yaƙin Wagram, Napoliyon ya ba shi sarautar baron.

A 1812 aka shiga Rasha. A yaƙin Borodino, ran 7 ga Satumba, Lare ya yanke gaɓoɓi wajen 200 cikin kwana da yini. Da rundunar ta juyo daga Mosko, sanyi da yunwa suka cinye ta. A ƙarshen Nuwamba suka iso kogin Berezina, inda dubban mutane suka yi cincirindo a bakin 'yan gadoji biyu na katako, mai ƙarfi yana tattake marar ƙarfi. Lare ya riga ya haye, sai ya koma ɗauko kayan fiɗa, ya maƙale cikin turmutsitsin. Da sojoji suka gane shi sai suka ɗaga shi sama, wannan ya miƙa wa wannan bisa kawunansu, har suka sauke shi a ɗaya gacin. A ranar da kowa ke ta kansa, kurtu ya tuna wanda bai bar shi a baya ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

RANAR DA YA CECI YARA DAGA HARBI

Akwai abin da ya fi duk waɗannan girma a wurinmu. Bayan asarar Rasha, Napoliyon ya tara sabuwar runduna ta yara matasa, 'ya'yan manoma, waɗanda aka ɗebo ba su ƙware da bindiga ba. A watan Mayu 1813 aka yi yaƙi a Lutsen da Bautsen cikin ƙasar Jamus. Bayan an gama sai aka ga sojoji da yawa raunukansu a hannu da yatsu ne. Waɗansu manyan hafsoshi suka shiga kunnen sarki, suka ce yaran nan su ne ke harbin hannuwansu da gangan don a sallame su gida. Ran Napoliyon ya ɓaci, aka shirya a zaɓi waɗansu daga cikinsu a harbe gaban jama'a domin saura su ji tsoro.

Lare ya ce bai yarda ba, a bari a bincika. Aka naɗa shi shugaban kwamitin likitoci. Suka tara sojoji fiye da 2,600, suka duba su ɗaya bayan ɗaya, kowa aka rubuta irin rauninsa da yadda ya same shi. Binciken ya nuna cewa sojan zamanin suna harbi ne a jere, sahu uku, na baya yana miƙa bindigarsa ta gefen na gaba. Yaron da bai iya ba sai ya harbi hannun ɗan'uwansa da ke gabansa, ko bindiga ta tashi a hannunsa yana cikin ɗura ta. Waɗansu kuma suna hawan tudu ne riƙe da bindiga a gaba, harsashin abokan gaba ya fara samun hannu. Lare ya rubuta cewa babu hujjar da za a kama ko mutum ɗaya da ita.

Ya san sarki ba ya son jin wannan amsa, gama ta nuna laifin na wanda ya tura yara yaƙi ba horo ne. Ya san kuma muƙaminsa yana iya tafiya. Duk da haka ya ɗauki takardun ya kai da hannunsa. Napoliyon ya karɓa fuska a murtuke, ya yi ta kai da kawowa cikin ɗaki, daga baya ya sauko, ya kama hannun Lare ya yaba masa, ya aika masa da kyauta. Ba a harbi kowa ba. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Da likitan ya zama ɗan amshin Shata, da an kashe 'ya'yan talakawa a kan ƙarya, a kuma rubuta wa iyayensu cewa matsorata suka haifa.

Yaƙinsa na ƙarshe shi ne Watalu, ran 18 ga Yuni 1815, inda aka karya Napoliyon. Ana ba da labari cewa Welintan, shugaban sojan Ingila, ya hango shi yana aiki inda harsashi ke zuba, ya hana a yi harbi wajen, ya ɗaga masa hula. Da dare ya yi, mahayan Furushiya, watau wani yanki na Jamus, suka sare shi da takobi suka kama shi, suka tuɓe masa kaya, aka yanke a harbe shi. Likitan da aka sa ya ɗaure masa ido sai ya gane shi, ashe ya taɓa zama gabansa ɗaukar darasi a Balin. Aka kai shi gaban babban janar ɗinsu, Bulusha. Wannan janar kuwa, ɗansa ya taɓa faɗawa hannun Faransawa da mugun rauni a 1813, Lare ne ya yi jinyarsa har ya tashi. Bulusha ya sa aka kwance shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da 'yan rakiya. Ƙa'idar da ya kafa domin waɗansu ita ce ta fanshi wuyansa.

Da sarautar dā ta komo Faransa sai aka yanke masa fansho na ɗan lokaci, don ya yi wa Napoliyon aiki. Napoliyon ya mutu a tsare a 1821, cikin wasiyyarsa ya bar wa Lare faran 100,000, ya kuma shaida cewa bai taɓa sanin mutumin kirki kamarsa ba. A 1842, yana da shekara 76, ya tafi duba asibitocin soja a Aljeriya, wadda Faransa ta mamaye. A kan hanyar komowa ciwo ya kama shi, ya rasu a birnin Liyon ran 25 ga Yuli.

TA ZAMA DOKA

Ƙa'idar ba ta mutu tare da shi ba. A 1864 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya ta fari a birnin Janiba a kan kula da sojan da aka raunata, ko na wane gefe ne. A 1949 aka sabunta ta, aka rubuta a fili cewa babu abin da zai sa a gabatar da wani majinyaci a kan wani sai gaggawar ciwonsa. Nijeriya ta shiga wannan yarjejeniya a 1961. Yau kowane ɗalibin likita a duniya ana koya masa tantance majinyata bisa ga tsananin ciwo kafin a ba shi takardar shaida.

A cikin gida kuma, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti da kowane ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa ga kowane dalili. Wanda ya ƙi, hukuncinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. A 2017 aka ƙara wata doka a kan wanda aka harba da bindiga, ta ce asibitin gwamnati da na kuɗi duka su karɓe shi su fara jinya, ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ba da kafin alƙalami ko ba a bayar ba.

To, jama'a, mu tambayi kanmu. Mutum nawa a rumfunan kasuwarmu suka san da waɗannan dokoki? Ɗan dako nawa ne mota ta buge, aka yi ta yawo da shi daga wannan ƙofa zuwa waccan ana neman kuɗin kati? Mace nawa ce jini ya ɓalle mata wajen haihuwa, mijinta yana can yana neman wanda zai sayi akuyarsa? Ba mu kawo muku lissafi ba, kowannenku yana da nasa lissafin a zuci. Anini a kafaɗa ya zama anini a aljihu, shi ke nan abin da ya sake.

Mun san abin da mahukunta za su ce. Za su ce babu kuɗi, babu kayan aiki, asibiti ba ya tafiya da fatar baki. Amsarmu biyu ce. Ta fari, tsara layi bisa ga tsananin ciwo ba ya cin ko kwabo. Mutumin da ya dafa romo cikin sulke ya fi kowane asibitinmu rashin kaya, amma bai ce a fara da mai doki ba. Ta biyu, rashin kuɗin wa ya jawo shi? A watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. A gidanmu aka yi alkawarin, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba ko sau ɗaya. Dokar 2014 kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a ware kashi 5 cikin 100 nasa domin jinyar gaggawa. Wanda ya ƙi zuba ruwa a randa ba shi da bakin cewa randa ta bushe. Su kuwa in kansu ya sara, jirgin sama su ke hawa.

Kada kuma wani ya ɗauka muna tunzura ku a kan likitoci da ma'aikatan jinya. Yawancinsu 'ya'yan talakawa ne kamar Lare. Akwai wanda ke kwana tsaye shi kaɗai a kan ɗaki cike da majinyata, akwai mai fiɗa da hasken tocila, akwai mai cire kuɗi daga aljihunsa ya saya wa baƙo magani. In ma'aikaci ya karɓi majinyaci ba kuɗi, sau da yawa shi a ke tuhuma da safe. Saboda haka wanda ya ɗaga hannu ya mari ma'aikaciyar jinya ya bar jaki yana dukan taiki, kuma jam'iyyarmu ba ta tare da shi.

ABIN DA MU KE NEMA

Na ɗaya, a rubuta sashe na 20 na dokar 2014 da dokar 2017 da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, a kafa a ƙofar kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, inda mai shiga zai gani.

Na biyu, a riƙa buga lissafin kuɗin jinyar gaggawa kowace shekara, jiha jiha, nawa aka saki, wane asibiti ya karɓa, mutum nawa aka yi wa aiki. Asibitin da ya ceci wanda ba shi da ko sisi a biya shi da wuri, domin gobe ya sake karɓar wani.

Na uku, 'ya'yanmu da ke bakin daga a Arewa maso Gabas tun 2009, da sauran wuraren da a ke fama, yawancinsu 'ya'yan manoma ne da 'yan kasuwa. Muna neman a tabbatar kurtun da aka raunata ya sami ɗauka da jinya daidai da hafsa, kuma wanda ya bar ƙafarsa a daji kada ya tsufa yana bin ofis ofis da takarda a hannu.

Na huɗu, likitan da ya rubuta gaskiya, ko a kan gawar da aka kawo daga hannun hukuma, ko a kan annobar da a ke so a ɓoye, doka ta tsare shi daga kora da canjin wurin aiki na horo. Ƙasar da likitanta ke tsoron alƙalaminsa, talakanta ba shi da shaida.

Ku kuma 'yan'uwa, akwai naku aikin. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi wannan shafi, a rumfa da tasha da majalisar dare. Kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ta zaɓi mutum biyu masu natsuwa waɗanda za su riƙa raka ɗan'uwa asibiti in tsautsayi ya faɗa, su ambaci doka da ladabi, ba zagi ba hayaniya. In an ƙi karɓarsa, su rubuta rana da sa'a da abin da aka ce musu, su kawo ofishin jam'iyya na reshensu, mu kuwa za mu bi kadi ta hanyar shari'a. Masu lafiya su saba da ba da jini tun kafin a nema, gama ba a san wanda gobe za ta faɗa wa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. In kuma masu neman ƙuri'a sun zo da atamfa da sabulu, ku tambaye su kashi nawa suka ba asibiti bara.

Ɗan baduku ya tsaya gaban sarkin da Turai duka ke tsoro, ya ce ran kurtu rai ne, sarkin kuma ya sauko. Mu ba mu neman a ƙirƙiro sabon abu. Doka tana nan a rubuce da sa hannun mahukunta, abin da ya rage a bi ta. Za mu yi ta faɗa a wannan shafi har ranar da ɗan dako da ɗan minista za su iso ƙofar asibiti tare, likita ya dubi raunin kowannensu kafin ya dubi rigarsa. Allah ya ba talaka sawaba, amin.